Alherin da Ya Ruɓar da Saiwar 'Yar Takao

A gyara tsayuwa, a janye kekuna daga bakin hanya, mai tari ya haɗiye abinsa. Ga Oyagi Sumako nan tafe, sarauniyar tukwanen lungunmu, mai mulkin ƙasar da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ƙaramin barkono mai sa ƙato atishawa. Kyanwar unguwa kan sauya hanya in ta hango ta, hankaka kuma sai ya leƙa ya tabbatar ba ta nan kafin ya sauka a kan shara. Tsawonta bai wuce na ɗan firamare ba, amma in ta kira sunanka daga ƙarshen lungu, har masu jiran bas a bakin titi sai sun waiwaya.

A nan Nishijin aka haife ta, unguwar masaƙan birnin Kyoto, a gidan da take ciki har gobe. Tun ba ta gama girma ba ta hau masaƙa, tana saƙa ɗamarar alharini ta kimono, rigarmu ta gargajiya, irin wadda ita kanta ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ƙarar injin saƙa ta cinye mata kunne ɗaya, shi ya sa raɗarta ma ihu ce. Mijinta Tomekichi marini ne, mutum mai laushi kamar awara, wanda bai taɓa yi mata musu ba har ya koma ga magabatansa, ya bar mata keke marar birki. Ba su haihu ba. Wanda duk ya ce mata "ayya" a kan wannan, ya ga kallon da bai sake marmarin gani ba.

Sai dai a fahimci wani abu game da faɗan Gwaggo Sumako. Faɗanta na kyanwa ne, da hankaka, da masu karanta labarai a talabijin, da irinmu samarin da makaranta ta gaji da su. Maƙwabci kuwa, sa'anta ko na gaba da ita, ba ta taɓa gaya masa magana a miƙe ba. 'Yar garin nan ce ta asali. A wajenmu in maƙwabci ya taka ka, sai ka ba shi haƙurin sa ƙafarka a ƙarƙashin tasa, ka shiga ɗaki ka zage shi a cikin tukunyar miya.

Gidajen lungunmu dogaye ne, matsattsu, masu duhu, don haka kowa a bakin ƙofa yake jera tukwanen shukarsa. Wani albasa, wani furanni a akwatin kifi. Ita kuwa momiji ce kawai, bishiyar nan mai ganye kamar tafin jariri, kore shar da zafi, ja wur in sanyi ya kunno kai. Tana da su manya da ƙanana, amma uwarsu duka ita ce 'Yar Takao. Shekarar da Sumako ta yi aure, mai masaƙa ya kwashi ma'aikatansa zuwa dutsen Takao kallon jan ganye. Kowa ya ɗaga kai sama yana yaba kyau, ita ta sunkuya, ta hango wani tsiro da bai fi ɗan yatsa ba a tsakuwar magudanar ruwa. Ta ɗura wa Tomekichi sauran shinkafarta, ta sa tsiron a akwatin abincin ta kawo gida. Shekara hamsin ke nan. Gangar jikin bishiyar ta yi kaurin damtse, rassanta sun bazu kamar laima, kuma in Nuwamba ta yi har baƙi kan shigo lungu su ɗauki hotonta, Sumako na hararar su ta taga.

Ba ta ba su ruwa da agogo. Tsinken cin abinci take sokawa a ƙasar, ta zare, ta shafa a kumatu. In da danshi, a haƙura sai gobe. Ƙasar ma ba ta bakin kwata ba ce, jajayen dunƙule ne kamar wake, ruwa ya ratsa su ya fice, saiwa ta samu iska. Ranar yamma ita ce babbar abokiyar gabarta don tana ƙona bakin ganye, saboda haka da rana ta karkata za ka ji ta saki asabari tana zagin sararin sama. Bayan 'yan shekaru kuma, kafin toho ya buɗe, takan zazzage kowace daga tukunya, ta rage mata saiwa da tsohon almakashinta na saƙa, ta sauya ƙasa. Ba mai taɓa mata su. Ba ta taɓa hana kowa da baki ba, amma kowa ya sani.

Sai kwankwasonta ya ƙi. Likita ya ce sai an sauya ƙashi, ta kwanta mako biyu, ga shi kuwa watan Yuni ne, damina ta sauka.

Mutum mai hankali zai ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da tasa. Ƙofar kuwa ta Kinue ce, matar wani mai suna Hatta, ƙawarta tun suna tsallen igiya. Amma a lungunmu in ka roƙi maƙwabci ya ɗauke maka tsinke, ka ɗora wa kanka dutse, sai ka shekara kana ramawa da kwalin alewa da sunkuye-sunkuye. Sumako ta ce ba da ita ba. Ta ɗebo ragowar zaren auduga ta kitsa igiyoyi, ta cika babban bokiti ta ɗora a kan kujera, ta ja igiya daga bokitin zuwa kowace tukunya, ruwa ya riƙa bin zare a hankali. Ta tura su ƙarƙashin bakin rufi don kada ruwan sama ya yi musu yawa. Sannan ta sa wa kowace faranti mai zurfi a gindi, don kada ɗigo ya gangara ƙofar gidan Hatta a ce ta jiƙa wa mutane hanya. Ta kulle gida ta tafi tana jin kanta.

Aikin ya yi kyau, amma zazzaɓi ya biyo baya, mako biyu ya zama wata da rabi.

Ran da tasi ta sauke ta a bakin lungu, hancinta ne ya fara isa gida. Wani tsami ne ya tare ta, irin na ƙullun da aka manta a bayan ƙofa. Ta dogara sanda ta ƙarasa. Farantan nan cike suke taf da farin ruwa mai kumfa, ƙananan ƙudaje sun yi gari a kai, saman ƙasa ya yi furfura. Ƙananan bishiyoyin sun yi rawaya amma suna tsaye. 'Yar Takao kuwa ganyenta ya saki jiki kamar wankin da ba a matse ba, rabi ya zube, a tsakiyar Yuli.

Ba sai an gaya mata ba. Ruwan wankin shinkafa ne. Kowace mace a garin nan ta gada daga kakarta cewa farin ruwan nan abincin shuka ne, zubar da shi a kwata asara ce. Kuma kowane gida a lungun sau biyu yake wanke shinkafa. Kowa ya ga tukwanen marainiya, kowa ya tausaya, kowa ya faki ido ya zuba nasa a ɓoye, don in ka yi wa mutum alheri a fili ka ɗaure shi da godiya. Ba wanda ya san ɗan'uwansa ma yana zubawa.

Kinue ta fito tana goge hannu a rigar girki. "Sumako, sannu da dawowa. Kin rame, amma ramar ta karɓe ki."

"Ke kuma kin ƙara kumatu, Kinue. Na bar ku da wahala."

"Wace wahala? Mu ai ba mu yi komai ba." Idonta ya ɗan zame ya sauka kan tukwanen, ya dawo yana murmushi.

Sai ga Kitao, tsohon direban bas na gidan da ke fuskantar nata, yana jan silifa. "Yaya, barka da arziki. 'Ya'yanki sun yi kewarki. Na ga babbar ta ɗan yi rawaya, yunwa ce kawai. Amma kada ki damu, kamar wani ya kula da wannan." A kan ƙasar 'Yar Takao ga curin tunkuza nan har uku, taki ne, sun narke, tsutsa na iyo a ciki.

Sumako ta sunkuya iya abin da sabon ƙashi ya yarda. "Ban san da bakin da zan gode muku ba," in ji ta. A nan kam gaskiya ta faɗa.

Ta shiga gida ta rufe ƙofa, ta tsaya a duhu dogare da sanda. Da ɓarawo ne ya sace bishiyar, da ta san ofishin da za ta je. Da kyanwa ce, da ta san takalmin da za ta jefa. Amma wa ake kai ƙara don ya yi maka alheri? Abin da ya ƙara ƙona mata rai, wanda ya tashi daga jinya shi ke bin gida-gida da kwalin sabulu, wai ciwo ya wanku ya tafi. Haka ta sayo sabulun nan, ta bi ƙofa-ƙofa tana ɗingishi, tana miƙa wa waɗanda suka kashe mata bishiya tukwici da hannu biyu. Kowa ya ce, "Haba, da ba ki wahalar da kanki ba." A ranta ta ce, ku wanke hannuwanku da shi, ko warin ya fita.

Ba a taɓa saiwar momiji a lokacin zafi, ko yaro ya sani. Amma barin ta a cikin wannan kunu mutuwa ce tabbas, taɓa ta kuwa mutuwa ce wataƙila. Ta shimfiɗa tsohuwar katifa, ta zauna dirshan, ta tokare tukunyar da lafiyayyar ƙafarta har ta kife. Abin da ya fito baƙi ne, mai yauƙi, yana sulɓewa a hannu kamar dafaffiyar taliya. Ta sa almakashi tana yanka tana neman fari, tana yanka tana neman fari, sai can kusa da gindi, a gefe guda, ta samu 'yan saiwoyi masu sauran rai. Ta wanke su da ruwan famfo, ta sauya ƙasa, ta jefar da farantin. Tun da saiwa ta ragu dole kai ya ragu, sai ta datse rassan da ta yi shekaru tana lallashi, ta tsige sauran ganyen. Ruɓaɓɓiyar saiwar ta ƙulle a leda ta ajiye bayan ƙofa, ita ma ba ta san dalili ba.

Yanzu abu ɗaya 'Yar Takao ke bukata: inuwa, iska, da ƙishirwa. Ruwa kaɗan, sai in tsinke ya fito a bushe.

Washegari da safe ta tarar da ƙasar sharkaf, da farin zobe a bakin tukunya.

To, me ake so lungu ya yi? Sun ga tsohuwa da sanda, sun ga bishiya tsirara. Sai tausayi ya ninku. Sumako ta gwada duk hanyoyin da iyayenmu suka koya mana. Ta ce wa Kinue, "Yanzu na ji ƙarfi sosai, kowa ya huta." Kinue ta ce, "Ke dai ba kya son a ji kanki." Ta ce wa Kitao, "Shinkafar bana kamar ta fi farin ruwa." Ya ce ai shi ma ya lura, sabon iri ne, ya yi mata bayanin noma har ƙafarta ta yi tsami. Ta rufe bakin tukunyar da kwali, aka ɗaga kwalin, aka zuba, aka mayar da shi daidai yadda yake. Shigar da ita cikin gida ba zai yiwu ba, ba haske, ba iska, ba kuma ƙarfin ɗauka. Kullum ta zubar da jiƙaƙƙiyar ƙasar sama, kullum a sake. Ta kankare ɓawon wani reshe da farce, ta ga ƙarƙashinsa ya fara komawa ruwan ƙasa.

A nan ta gane zaɓi biyu ne: ko ta rasa bishiyar da ladabi, ko ta buɗe baki.

Da safe, lokacin da kowa ke share ƙofarsa, ta zauna a bayan tagar katako tana jira. Ba ta daɗe ba. Kinue ta fito da kwano a ƙarƙashin rigar girki, ta dubi hagu ta dubi dama, ta ɗaga gefen asabari.

"Hatta Kinue, ajiye kwanon nan."

Rabon da a kira Kinue da cikakken suna tun ana kiran rajista a aji. Ta daskare. "A'a, Sumako, ashe kin tashi. Ba wani abu ba ne, ɗan abin da ya rage ne..."

"Na ce ki ajiye. In yana da amfani ki shanye abinki. Ko ki shafa wa mijinki a ka, ko gashi ya tausaya masa ya dawo."

Tsintsiyoyin lungu suka tsaya cak. Sumako ta ja ƙofa ta fito, sanda a hannu ɗaya, leda a ɗayan, ta zazzage baƙar saiwar nan a tsakiyar hanya. Wari ya tashi.

"Ku matso ku shinshina. Kitao, kai ma matso, tsintsiya ba za ta ɓoye wannan tumbin ba. Saiwar 'Yar Takao ce wannan. Shekara hamsin tana shan ruwan famfo, ko ciwon kai ba ta taɓa yi mini ba. Na juya baya kuka ɗura mata kunu safe da yamma. Bishiya ce ko alade?"

Kitao ya sosa ƙeya. "Yaya, ai kakata ma haka take yi wa kabewarta, kuma..."

"Kakarka a gona take zubawa, ƙasa ta shanye. Wannan tukunya ce. Duk shekarun da ka yi kana tuƙa bas, ka taɓa zuba miya a tankin mai don ka ga motar ta rame? Kuma wa ya aike ku? Wa ya roƙe ku? Na ba ku sabulu, na sunkuya muku har ɗinkina ya kusa warwarewa, ban ishe ku ba sai kun ga na haƙa mata kabari?"

Irin wannan magana ba ta taɓa faɗowa a lungunmu ba, har ba a san inda ake ajiye ta ba. Kinue ce ta ɗago, fuskarta ta yi fari fat, muryarta ƙasa-ƙasa, dole Sumako ta juyo mata da kunnen da ke ji.

"Kin gama? To bokitinki ya ƙafe tun ba a je ko'ina ba. Na leƙa na ga zarenki a bushe, ƙananan nan duk sun sunkuyar da kai. Da ban zuba ba, da itacen girki kika tarar. Ƙofata da taki kamu ɗaya ne tsakani, tun muna yara. Amma kin gwammace ki ba zare amana da ki buɗe baki ki ce, Kinue, ga tsinke, ga yadda ake yi. Farantan da suka riƙe ruwan kuma fa, ni na sa su?"

Ba abin da ya kai gaskiya ɗaci in ta fito daga bakin wanda ka zo yi wa faɗa. Da Sumako za ta iya cewa, haka ne. Wataƙila da an yi kuka, an sha shayi, an wuce wurin. Amma wutar ta riga ta kama, kuma bishiyar na bayanta tsirara.

"Duk wanda ya sake zuba wa tukunyar nan ko da yawu ne," in ji ta, "ni da shi."

Kinue ta karkata kwanon, ta tsiyaye farin ruwan a kwata sannu a hankali har ɗigon ƙarshe. Sannan ta haɗa ƙafa ta sunkuya sosai, irin sunkuyon da ake yi wa baƙo. "Ki gafarce mu, uwargida Oyagi. Mun shiga abin da ba namu ba."

Ƙofofi suka rufe ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba mai bugawa. Sumako ta kwashe saiwarta daga hanya ita kaɗai.

Ta samu abin da take so. Daga ranar ko ɗigo bai sake sauka a tukunyar ba sai daga hannunta. Ta kuma samu abin da ya biyo baya. A lungunmu kowa kan share ƙofarsa ya ƙara kamu ɗaya a ta maƙwabci. Tsintsiyar Kinue yanzu a kan iyaka take tsayawa, kamar an ja layi da wuƙa. Ɗan kwanon tsamin kokwamba da kan tsallako duk mako ya daina tsallakowa. Gaisuwa ta koma ta yanayi: yau akwai zafi, eh akwai zafi. Kitao in ya hango ta sai ya tuna ya bar wani abu a wuta.

Ita kuwa ta zauna a gindin tukunya da tsinkenta tana huci. Tana fushi da lungu, da likita, da kwankwaso, da bokitin da bai fi haka girma ba, da Tomekichi da ya mutu ya bar ta ba mai riƙe mata tukunya. Da wadda ta sa farantan ma tana fushi, amma wannan ba ta faɗa ko a cikin tukunyar miya. Zafin Agusta ya zo, ɓawon saman bishiyar ya yamutse ya yi toka. Ta bi shi da farce daga sama zuwa ƙasa har ta iso inda yake kore, ta ɗauko zarto ta yanke duk abin da ke bisa. Laimar nan ta koma taɓarya.

Da Nuwamba ta yi, ƙananan suka yi ja kamar ba abin da ya faru, kuma Sumako ta san sarai hannun wa ya raya su. Iska ta riƙa kwasar ganyensu tana kai wa ƙofar gidan Hatta. Kinue ta riƙa share su tsaf, ta tara su tsibi mai kyau, ta ajiye a daidai kan iyaka. Sumako ta riƙa kwashewa. Haka suka ci sanyin bana, tsofaffi biyu, kowace na jin tarin 'yar'uwarta ta bango.

Shekaranjiya, farkon Afrilu, na shigo lungu a kan babur da kwanon taliyar wani da zan kai masa, sai na gan ta tsugune da tabarau a kan hanci. A jikin taɓaryar nan, can ƙasa, a gefe guda, wasu jajayen toho sun fasa ɓawo, ɗaya har ya buɗe 'yan yatsunsa. Ɗaya gefen kuwa busasshe ne ƙayau. Na ja birki.

"Gwaggo Sumako, a kira masu ganga. 'Yar Takao ta leƙa lahira ta ce ba ta yi mata ba. Kin kayar da lungu guda da leda ɗaya, kin kori mutuwa da tsinken cin abinci. Ni fa tarihinki zan rubuta, duniya ta san wadda muke kwana kusa da ita."

Ba ta ɗago ba. Ta zare tsinken, ta shafa a kumatu.

"Rabinta ne," in ji ta. "Kashe babur ɗin nan, Shunpei, hayaƙi na dukanta."